Tambayoyi da Amsoshi kan Gwajin Tsohuwar Atenuweta Mai Matakai da Yadda Ake Aiki da Ita

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da masu gyaran rediyo, injiniyoyin tashoshin watsa shirye-shirye da ɗaliban lantarki suka fi yi idan tsohuwar atenuweta mai matakai ta shigo hannunsu daga kayan gwanjo. An ɗauki jerin 8494, 8495 da 8496 na kamfanin Hewlett-Packard a matsayin misali, domin su ne suka fi yawo a kasuwar tsofaffin kayan awo, amma yawancin bayanin ya shafi duk wata atenuweta da aka gina a kan tsari irin nasu.

Mece ce atenuweta mai matakai, kuma me ya sa ake neman tsohuwa alhali akwai sababbi masu araha?

Atenuweta na'ura ce da ake sanyawa a tsakanin abin da ke fitar da siginar rediyo da abin da ke karɓarta, domin ta rage ƙarfin siginar da adadin da aka sani tabbas, ba tare da ta gurɓata siffarta ba. Mai matakai ita ce wadda ake iya zaɓen yawan ragewar daki-daki, misali desibel 1, 2, 3 har zuwa 11, ko kuma 10, 20, 30 har zuwa 110. Wadda ake sarrafawa da umarni kuwa ba ta da maɓallin murɗawa da hannu. Wutar lantarki ake aika mata ta wayoyi, ita kuma ta sauya matakin da kanta.

Dalilin da ya sa masu sana'a ke bin tsofaffin shi ne yadda aka ƙera su. A cikinsu babu taransisto ko dayod a kan hanyar da sigina ke bi, sai rezisto da harsunan ƙarfe masu rufin zinariya kawai, saboda haka suna aiki tun daga wutar DC har zuwa gigahaz 4 ko 18, kuma ba sa haifar da wata baƙuwar sigina daga jikinsu. Ƙananan atenuweta na zamani da ake ginawa a kan guntun lantarki suna da sauri da araha, amma yawancinsu suna tsayawa a wajen desibel 31.5, ba sa aiki a kan DC, kuma suna fara gurɓata sigina idan ta yi ƙarfi. A ganina, wanda yake son abin da zai riƙa gwada sauran kayan aikinsa da shi, tsohuwar da aka tabbatar da lafiyarta ta fi masa amfani. Sharaɗin dai shi ne a tabbatar, domin sunan kamfanin da ke jikin akwatin ba shaida ba ne cewa abin da ke ciki yana nan yadda ya fito daga masana'anta.

Yaya zan fahimci lambobin desibel ba tare da dogon lissafi ba?

Desibel 10 na nufin ƙarfin ya ragu sau 10, desibel 20 sau 100, desibel 30 sau 1,000, desibel 3 kuma kusan rabi. Idan bolt ake aunawa ba wat ba, to desibel 20 ne ke ba da ragin sau 10, desibel 40 kuma sau 100. Ana kuma rubuta ƙarfin sigina da dBm, inda 0 dBm yake daidai da miliwat 1, +30 dBm kuma wat 1. Amfanin wannan tsari shi ne ragewa ta koma ɗebewa kawai: siginar -20 dBm da ta ratsa desibel 50 za ta fito a -70 dBm.

Ta yaya zan gane irin wadda ke hannuna daga lambar da ke jikinta?

Lambobi huɗun farko suna faɗin yawan ragewa. 8494 tana ba da 0 zuwa 11 a matakan desibel ɗai-ɗai, 8495 tana ba da 0 zuwa 70 a matakan goma-goma, 8496 kuma 0 zuwa 110 a matakan goma-goma. Harafin da ke biye yana faɗin yadda ake sarrafa ta da iyakar firikwensinta: A da B na murɗawa da hannu ne, G da H na umarnin lantarki ne, A da G suna tsayawa a gigahaz 4, B da H suna kaiwa 18. Akwai kuma 8495K da ke kaiwa gigahaz 26.5. Lambar zaɓi da ke biye tana nuna bakin haɗi, inda 001 ke nufin nau'in N, 002 nau'in SMA, 003 kuma APC-7.

Kada mai saye ya rikice idan ya ga lamba ɗaya da sunayen kamfani daban-daban. Hewlett-Packard, wanda aka kafa a Palo Alto ta Amurka a 1939, ya ware sashensa na kayan awo ya zama Agilent a 1999, sannan wannan sashe ya sake zama Keysight a 2014, kuma an ci gaba da ƙera waɗannan lambobi a ƙarƙashin kowane suna. Haka nan za a ga 33320, 33321 da 33322, waɗanda 'yan uwansu ne da aka yi domin a kafa su a cikin wasu manyan na'urori, shi ya sa ake yawan samunsu an ciro su daga matattun janaretocin sigina da na'urorin tantance sigina.

Me ke cikin akwatin?

A ciki akwai sassa uku ko huɗu a jere, sigina tana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Kowane sashe yana da hanya biyu: ɗaya miƙaƙƙiyar hanya ce da ba ta rage komai, ɗayar kuma ƙaramin kati ne da aka shimfiɗa wa siririn rufin rezisto. Wasu siraran harsunan ƙarfe ne ke karkata su taɓa hanyar da aka zaɓa, kuma abin da ke tura su 'yan sanduna ne da kwayil mai maganaɗisu ke motsawa. Lamarin ya yi kama da layin dogo mai mararraba, inda jirgi ko dai ya wuce kai tsaye ko a karkatar da shi ta cikin tasha.

Sassan 8494 su ne desibel 1, 2, 4 da 4, na 8495G da H su ne 10, 20 da 40, na 8496 kuma 10, 20, 40 da 40. Daga haɗa waɗannan ne ake samun kowane mataki, misali 7 shi ne 1 da 2 da 4, 80 kuma shi ne 40 biyu. Wannan ne muhimmin abin da ya kamata mai gwaji ya riƙe: ba matakai goma sha biyu ne a cikin 8496 ba, katuna huɗu ne kawai, kuma duk wanda ya san lafiyar kowane kati ɗaya-ɗaya ya san lafiyar na'urar baki ɗaya.

Me ya kamata a duba kafin a biya kuɗi ko a haɗa mata wuta?

A fara da bakunan haɗi, a ƙarƙashin haske mai kyau da gilashin ƙara girma. A macen bakin haɗi, wato wadda allurar namiji ke shiga cikinta, ta nau'in N ko SMA, ƙananan yatsun da ke riƙe allurar tsakiya su kasance a haɗe daidai, babu wanda ya buɗe ko ya karye, kuma zaren murɗawa bai cinye ba. Baki guda da ya lalace yana iya lalata duk kebul ɗin da aka ɗaura masa daga baya. Sannan a duba sukurorin murfi ko akwai alamar an taɓa kwance su, a karanta takardar da ke manne a jiki domin sanin bolt nawa kwayil ɗin ke buƙata, domin ko da yake yawancinsu na bolt 24 ne, an yi wasu na bolt 5 da na bolt 15. Idan kebul ɗin umarni mai soket na fil 12 yana tare da ita, wannan riba ce, saboda samun soket ɗin shi kaɗai yakan yi wuya.

Ba ni da 11713A, na'urar da kamfanin ya yi domin sarrafa waɗannan atenuweta. Zan iya motsa ta da kaina?

Ƙwarai kuwa. Waya ɗaya, wadda a kebul na asali ja ce, ita ke ɗaukar fozitib na bolt 24 zuwa dukkan kwayil. Kowane sashe kuma yana da wayoyi biyu nasa: idan aka taɓa ɗaya da nagetib sashen ya shigar da katinsa, idan aka taɓa ɗayar ya koma miƙaƙƙiyar hanya. Za a ji ƙara guda mai tsabta, ƙas, a kowane sauyi. Kowane kwayil yana jan kimanin miliamfiya 125, kuma sauyin yana kammala cikin milisakan 20. Kyawun tsarin shi ne maganaɗisu ne ke riƙe sashen a inda aka ajiye shi, kuma akwai ɗan makunni a ciki da ke yanke wutar da zarar sauyin ya kammala, saboda haka ko an ɗauke wuta gaba ɗaya, na'urar tana nan a matakin da aka bar ta.

A gwajin farko ya fi kyau a sa na'urar ba da wuta mai iyakance yawan abin da ake ja, a tsayar da ita a wajen miliamfiya 200, a riƙa taɓa waya ɗaya a lokaci guda ana rubuta abin da kowace ta yi. Abin da ba a yi shi ne haɗa wayoyi biyu na sashe ɗaya da nagetib a lokaci guda, domin sashen zai riƙa kai da komo yana kaɗawa babu tsayawa, abin da ke cinye harsunan cikin ɗan lokaci.

Wanda yake son sarrafa ta daga kwamfuta zai iya haɗa allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa manhaja, da guntun makunnai na ULN2803, wanda ke da hanyoyi takwas, daidai da wayoyi takwas na na'ura mai sassa huɗu. A haɗa ƙafarsa ta gama-gari da fozitib na bolt 24 domin dayod ɗin da ke cikinsa su shanye bugun wutar da kwayil ke mayarwa idan an yanke shi. A cikin manhajar kuma a ba kowane sauyi bugu na kimanin milisakan 50, a rubuta ta yadda ba zai yiwu hanyoyi biyu na sashe ɗaya su kunnu tare ba, ko da a lokacin da allon ke farkawa.

Da gaske ne ana iya gwada na'urar gigahaz 18 da multimita kawai?

Gaskiya ne, kuma da wannan gwajin ya kamata a fara, domin shi ke kama mafi yawan katunan da suka ƙone. Tunda hanyar sigina rezisto ce zalla, multimita tana ganin abin da sigina ke gani a ƙaramin firikwensi.

A mayar da dukkan sassa zuwa 0. A wannan hali, awo daga allurar tsakiya ta baki ɗaya zuwa ta ɗaya bakin ya nuna ƙasa da om 1 bayan an cire na wayoyin multimita, awo daga allurar tsakiya zuwa gangar jiki kuma ya nuna a buɗe. Daga nan a shigar da sashe ɗaya kaɗai, a bar ɗaya bakin ba a haɗa shi da komai ba, a auna daga allurar tsakiya zuwa gangar jiki. Katin desibel 1 zai nuna kusan om 436, na 2 kusan 221, na 4 kusan 116, na 10 kusan 61, na 20 kusan 51, na 40 kuma 50. A maimaita awon daga ɗaya bakin. Lafiyayyen kati yana ba da lamba ɗaya ta kowane ɓangare, wanda kuwa wuta ta taɓa yakan nuna bambanci, saboda gefen da ƙarfin ya shigo ta nan shi ke fara lalacewa. Idan aka toshe ɗaya bakin da lodin om 50, wato rezisto na om 50 da ake ɗaurawa a bakin haɗi, to kowane mataki, daga 0 har zuwa na ƙarshe, ya kamata ya nuna kusan om 50.

Kada a cusa tsinin multimita kai tsaye cikin bakin haɗin, domin yana buɗe yatsun. A ɗaura wani adafta mai araha, a yi awon a jikinsa.

Wannan gwaji yana da iyaka da ya kamata a sani. Katin desibel 40 a lissafi om 50.01 ne, na desibel 30 kuma zai kasance 50.1, bambancin da multimita ta hannu ba za ta iya rarrabewa da tabbaci ba. Saboda haka awon om yana nuna cewa babban kati bai ƙone ba, amma ba ya tabbatar da yawan abin da yake ragewa. Wannan aikin gwaji na gaba ne.

To yaya ake auna ainihin ragewar da wutar DC?

A samo bolt 2 masu tsayawa wuri ɗaya, a bi da su ta rezisto na om 49.9 zuwa bakin shiga, a sa wani om 49.9 ko lodin om 50 a bakin fita, a auna bolt a kan lodin. A mataki na 0 za a ga kusan bolt 1, kuma wannan lamba ita ce ma'auni da za a riƙa kwatanta sauran da ita. Sashen desibel 10 ya kamata ya rage ta sau 3.162, na 20 sau 10, na 40 sau 100, wato ta koma milibolt 10. Sashen desibel 1 yana rage ta sau 1.122, na 2 sau 1.259, na 4 kuma sau 1.585. Da multimita mai lambobi huɗu da rabi, wannan hanya tana ba da sakamakon da ya fi na yawancin ƙananan na'urorin awon rediyo daidaito.

A nan ne amfanin gwada sashe-sashe yake fitowa fili. Idan aka shigar da desibel 110 gaba ɗaya, abin da zai rage kusan maikrobolt 3 ne kawai, wanda multimita ta gama-gari ba ta gani, amma kowane kati shi kaɗai yana cikin abin da take iya aunawa da kyau. Sai a rubuta sakamakon kowanne, a tara su. Ina kuma ba da shawarar a sauya kowane sashe sau ashirin ko fiye ana kallon lambar. Sabuwar na'ura tana komawa wuri ɗaya da bambancin da bai wuce desibel 0.03 ba, don haka lambar da ke tsalle daga sauyi zuwa sauyi alama ce ta datti a kan harsuna ko turawar da ta yi rauni, kuma wannan ya fi kuskure tsayayye muni, domin kuskure tsayayye ana iya rubuta shi a cire shi a lissafi.

Idan ta ci gwajin DC, akwai buƙatar gwada ta da siginar rediyo?

Akwai, domin lanƙwasasshen harshe ko tsagaggen kati yana iya wucewa a DC amma ya nuna rami a wani firikwensi mai tsawo. Ƙaramar na'urar NanoVNA, wadda ke auna yawan siginar da ke ratsawa a kowane firikwensi, ta isa a fara da ita. A sa ƙaramar atenuweta tsayayya ta desibel 6 ko 10 a kowane gefe domin gyara daidaiton om 50, a daidaita na'urar awon tare da su da kebul ɗin da za a yi aikin da su, sannan a sa wadda ake gwadawa a tsakiya. A mataki na 0, asarar da kamfanin ya yarda da ita ga 8494 da 8496 ita ce desibel 0.6 da ƙarin 0.09 a kan kowane gigahaz, wato kusan 0.7 a gigahaz 1 da kusan 2.2 a gigahaz 18. Layin da ke kan allo ya gangara a hankali babu rami ko tsini. Daga nan sai a bi sassan ɗaya-ɗaya kamar yadda aka yi a DC.

Me ya sa awona ke tsayawa a wajen desibel 70 ko 80 duk yadda na ƙara mataki?

Kusan kullum laifin ba na atenuweta ba ne. Ko dai siginar ta nutse cikin hayaniyar na'urar awon kanta, wadda a NanoVNA takan kasance a wajen desibel 70 a ƙananan firikwensi kuma ta fi haka taɓarɓarewa a manya, ko kuma siginar ta sami wata hanya ta zagaye atenuwetar. A desibel 110 abin da ake so ya wuce kashi ɗaya ne cikin biliyan 100 na ƙarfin da ya shiga, don haka ɗan yoyon da ke fita ta saƙar kebul mai araha, ko ta wayar wutar da janareta da risiba suka yi tarayya a kai, ya isa ya rinjaye shi. Maganin shi ne kebul mai rufi biyu irin RG-223 ko RG-400, bakunan haɗi a ɗaure sosai, a nisanta kebul ɗin shiga da na fita, sannan a rage ƙarfin janareta tun daga tushe. Hanyar gane yoyo mai sauƙi ce: a ƙara desibel 10, idan abin da ake karantawa bai sauka da 10 cif ba, ko kuma ya canza idan aka motsa kebul da hannu, to ba ta cikin atenuwetar siginar ke zuwa ba.

Sashe ɗaya yana ƙara amma ba ya sauyawa, ko yana yi yau ya ƙi gobe. Mene ne matsalar?

Sanannen ciwon waɗannan na'urori idan sun tsufa shi ne 'yan ƙananan zobban roba da ke kan sandunan turawa. Bayan shekaru talatin ko arba'in robar takan bushe ta farfashe, ko ta narke ta yi danƙo, sai kwayil ya motsa amma harshen bai kai inda ya kamata ba, wani lokaci ma sigina ta yanke gaba ɗaya. Idan na'urar ta daɗe a ajiye ne kawai, sauya sashen sau da yawa yakan goge harsunan ya dawo da ita. Idan hakan bai yi ba, sai an buɗe.

Buɗewa aiki ne na haƙuri, kuma ban ga dalilin yin sa ga na'urar da ke cin gwaji ba. Ana yin sa a kan tebur mai tsabta, a ɗakin da ba ƙura, da hantsaki mai laushin baki da gilashin ƙara girma, ana ɗaukar hoton kowane mataki kafin a cire komai. A canza dukkan zobban lokaci guda da masu girma daidai da na asali. Harsunan ba a kankare su da takardar yashi ko wuƙa, domin rufin zinariyar siriri ne ƙwarai. Ɗan tsiri na takarda mai tsabta da aka jiƙa da sinadarin isofurofil ya isa. Katunan kuma suna fashewa da ɗan matsi, kuma wanda ya ƙone ba ya gyaruwa, sai dai a ciro wani daga na'urar da ta mutu ta wata fuskar.

Ƙarfin sigina nawa za ta iya ɗauka?

Wat 1 ne a matsakaici, wato +30 dBm, kimanin bolt 7 a kan om 50. Takardar kamfanin ta ambaci wat 100, amma wannan na bugu ne da bai wuce maikrosakan 10 ba. Rediyon hannu mai wat 5 ya isa ya ƙone katin farko da dannawa ɗaya, balle taransimita ta tashar FM. Wanda zai auna taransimita mai wat 100, wato +50 dBm, dole ya fara sa atenuweta tsayayya mai ɗaukar wannan ƙarfi, ta desibel 30 ko 40, wadda za ta sauko da shi zuwa miliwat 100 ko 10 kafin ya iso nan. Haka nan idan ana gwada risibar rediyon da ke iya watsawa, a cire makirufo a kulle maɓallin watsawa tukuna.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi shi ne wutar DC da ke ɓoye a kan kebul. Risibar tauraron ɗan Adam tana aika bolt 13 ko 18 zuwa kan dish ta cikin kebul ɗin sigina, kuma bolt 18 a kan om 50 ya haura wat 6. Duk inda ake zargin akwai irin wannan, a auna da multimita tukuna, a kuma sa abin tare DC a gaba.

Ana iya sauya mataki alhali sigina na wucewa?

A ƙaramin ƙarfi irin na gwajin risiba babu damuwa. A kusa da wat 1 kuwa, kowane sauyi yana ɗan cin harsunan, kuma sauyi miliyan 5 da aka ƙiyasta wa kowane sashe zai ragu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jerin umarni: daga 30 zuwa 40, a fara shigar da sashen 40 kafin a fitar da 10 da 20, in ba haka ba za a sami ɗan lokacin da cikakkiyar sigina za ta faɗa wa abin da ake son karewa. Sannan tunda 8494 da 8496 suna da sassa biyu masu lamba ɗaya, a zaɓi ɗaya a matsayin na farko a dawwama a kansa, domin teburin awon da aka rubuta ya ci gaba da yin daidai.

Wane aiki ne ta fi dacewa da shi a kan teburin gyara?

Na farko shi ne auna jin risiba. Idan aka jera 8494 da 8496, kamar yadda kamfanin ya tanada da kayan haɗi na 11716A, ana samun 0 zuwa 121 a matakan desibel ɗai-ɗai. Janareta mai fitar da -20 dBm za ta iya sauka har wajen -141 dBm, wanda ya wuce inda yawancin risiba ke daina ji. Lafiyayyen rediyon hannu na FM yakan fara ba da murya mai fahimtuwa a wajen maikrobolt 0.2, wato kimanin -121 dBm, don haka wanda sai an kai -105 dBm yake fara ji yana da matsala a sashensa na gaba. A tuna a haɗa asarar mataki na 0 da ta kebul a cikin lissafin.

Na biyu shi ne gwada ma'aunin ƙarfin sigina na rediyon gajeren zango. Bisa ƙa'idar da reshen yankin Turai da Afirka na ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya ya amince da ita, S9, wato mataki na tara a kan wannan ma'auni, shi ne maikrobolt 50, wato -73 dBm, kowane mataki na S kuma desibel 6 ne. Da atenuweta mai matakin desibel 1 ana ganin ainihin abin da allurar ke yi, kuma rediyo da yawa suna kauce wa wannan ƙa'ida a ƙananan lambobi.

Na uku, wanda nake ganin ya fi kowanne ceton lokaci, shi ne rarrabe siginar gaske da ta bogi a kan na'urar tantance sigina. A ƙara desibel 1 a gabanta. Siginar da ta zo daga waje za ta sauka da 1, amma wadda na'urar ta haifa a cikinta saboda an cika mata ƙarfi za ta sauka da 2 ko 3. Wanda yake aiki kusa da babbar taransimita zai ga amfanin wannan tun a ranar farko.

Idan na sami 11713A, yaya ake ba ta umarni?

Na'urar 11713A tana sarrafa atenuweta biyu masu sassa huɗu-huɗu da makunnai biyu, ta maɓallan gabanta ko ta HP-IB, hanyar haɗa kayan awo da kwamfuta, wadda ta zama ƙa'idar IEEE 488 a 1975. Umarninta gajere ne: harafin A yana shigar da sassan da lambobinsu suka biyo shi, B yana fitar da su, lambobi 1 zuwa 4 na atenuweta ta farko ne, 5 zuwa 8 na ta biyu. Ana haɗa ta da kwamfutar zamani ta adaftar USB irin ta Prologix. Kafin a sa ta a soket, a duba zaɓin wutar da ke bayanta, domin wadda ta fito daga Amurka takan zo a kan bolt 120, alhali wutar gida a Najeriya da Nijar ta kusa da 230 ce, kuma fis ɗin ma sai an canza shi ya dace.

Zan iya amfani da ita a kan kayan talabijin da dish masu om 75?

Za ta rage sigina, amma lambobin ba za su yi daidai ba sai an sa abin daidaita om 50 da 75 a kowane gefe, wanda irin na rezisto yake cin kimanin desibel 5.7 kowanne. A kuma kula cewa akwai bakin N na om 75 mai siririyar allura, kuma cusa namijin om 50 cikin macen om 75 yana lalata ta.

Yaya za a adana ta domin ta daɗe?

A ɗaura mata adafta masu kyau a bakuna biyun a bar su a nan, domin su riƙa ɗaukar wahalar ɗaurawa da kwancewa a madadin bakunan asali. Wajen ɗaurawa a riƙa juya noti kaɗai, jikin kebul yana tsaye, kuma SMA ba ta son a wuce kimanin niyuton-mita 0.9. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, a rufe bakunan da hulunansu na roba duk lokacin da ba a aiki, kuma kada a bar ta cikin mota a rana, domin zafi yana gaggauta lalacewar zobban roba. Duk bayan 'yan watanni a sauya kowane sashe sau da dama ko da ba a buƙace ta ba. Teburin awon DC da aka rubuta a ranar farko a manna kwafinsa a jikin akwatin tare da kwanan wata, a maimaita awon sau ɗaya a shekara da kuma duk lokacin da aka yi zargin ƙarfi ya wuce kima, a kwatanta sababbin lambobin da na farko sashe-sashe.